Awon Kawu Nomau

A filin jirgin Abuja nake aiki.
Ni ke ɗora jakunkuna a sikeli,
in liƙa takarda, in ce Allah ya kiyaye hanya.
Shekara shida, ban taɓa hawa ba.

Ranar Talata sai ga Kawu Nomau daga Illela,
hula a karkace, sanda a hammata,
za shi Ikko ganin jikan da aka yi masa takwara.
Buhun gero ɗaya, jarkar man shanu,
albasa a cikin tsohon zane.
Kilo tara ya haura ƙa'ida.
Na biya daga aljihuna, ban gaya masa ba.

Ya ce, "Ɗiyata, daga gida zuwa bakin teku,
ta sama, nawa na?"
Na taɓa waya, na karanta masa:
kilomita ɗari takwas da 'yan kai,
idan an miƙe zare daga ƙofar gidansa
har inda ruwan gishiri ke lasar ƙasa.
Daga nan kuwa awa guda ce, ko ba ta cika ba.

Ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya ya fito.
"Wa ya auna? Ya taɓa zuwa?"

Sai ya zauna a kan kujerar ƙarfe
ya shiga lissafa mini nasa awon.
Yana saurayi, bayan shanu saba'in na wani attajiri,
kwana hamsin da biyu.
Yawuri, inda zazzaɓi ya kayar da shi,
wata mai kifi ta ba shi saiwa, ba ta karɓi ko kwabo ba.
Kwantagora, inda takalminsa ya tsinke.
Gadar Jaba, inda bijimi ya ƙi takawa
sai da aka rufe masa ido da rawani.
Bayan Ilori suka binne Ɗan'auwa
a gindin bishiyar da ba su san sunanta ba.
A Badun ya koyi gaisuwa da wani harshe,
a Agege ya fara ganin goro a jikin uwarsa.

"To su duka ina za a sa su cikin awa guda?"

Lasifika ta ce an jinkirta tashi.
Awa biyu. Ta koma huɗu.
Masu kwat suka tashi tsaye suna zagin iska,
wani ya buga tebur, wata ta kira lauyanta.
Kawu ya yi alwala, ya yi la'asar,
ya ɓare gyaɗa, ya ba yaron da ke kuka,
ya san sunan mai shara da garin iyayenta.
Ya ce mini, "Yanzu dai tafiya ta fara kama da tafiya."

Da aka kira su, na raka shi har inda aka yarda.
Suka karɓe sandar, suka ce ta bi kaya.
Ya dubi hannunsa kamar na aro ne.

Na koma sikelina.
Ban gama jakunkuna arba'in ba, waya ta yi ƙara.
Bayan muryarsa ina jin hon ɗin motoci da ruwan sama.
"Tumba, sun ce wai mun iso.
Na leƙa taga, ban ga Kwara ba, sai auduga.
Ba wanda ya yi mini sannu, ban yi wa kowa ba.
Jikina dai ga shi, Isuhu ya riƙe mini hannu,
ni kuwa ina jin ban wuce Yawuri ba.
Ki ce su yi haƙuri da ni,
nan da wata biyu zan ƙaraso."

Mai jaka ja na gabana ta ce, "Malama, sauri nake."
Na ɗora. Kilo ashirin cif.